Gwanintar Zama Wani Mutum a Cikin Waƙa

A cikin sana'o'in nishaɗi, da wuya a sami wadda ke neman abubuwa da yawa daga mutum ɗaya a lokaci guda kamar ta ɗan wasan kwaikwayo mai waƙa. Ana so ya yi magana a ji shi har kujerar ƙarshe, ya rera waƙa da muryarsa ta gaske, ya yi rawa ba tare da an ga yana haki ba. Kuma duk wannan zai yi shi ne a matsayin wani mutum dabam da marubuci ya ƙirƙira. Babu daraktan da zai ce a yanke a sake ɗauka. Da zarar an yaye labule, sai an kai ƙarshen labari, wajen awa biyu da rabi, a gaban jama'ar da suka biya kuɗinsu suka zauna suna zuba ido.

Manyan cibiyoyin wannan sana'a biyu ne: unguwar Broadway a birnin New York na Amurka, da West End a Landan. A Broadway kaɗai akwai gidajen wasa 41, kowanne yana ɗaukar aƙalla mutum 500, kuma bisa al'ada ana yin wasa sau takwas a mako. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kannywood mun saba ganin waƙa a tsakiyar labari. Sai dai a fim mawaƙi ne ke rerawa a situdiyo, jarumi ya zo ya bi da baki, kuma sau da yawa labarin kan dakata har a gama waƙar. A dandamali abin ya sha bamban. Tun daga wasan Show Boat na 1927, musamman kuma bayan Oklahoma! da Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka fitar a 1943, waƙa ta zama ita ce ke ɗauke da labarin. A cikinta mutum ke tunani, a cikinta yake yanke shawara, a cikinta yake canzawa. Wanda ya gane haka ya kama bakin zaren sana'ar. Wanda bai gane ba, ko da muryarsa ta kai ta kawo, mawaƙi ne kawai da aka sanya wa kayan wani.

Aikin yana farawa kafin a buɗe baki

Gwanayen fagen nan da takarda suke farawa. Sukan karanta wasan daga farko har ƙarshe sau da yawa, suna tattara abu uku: abin da marubuci ya faɗa a kan mutumin da za su fito a matsayinsa, abin da mutumin ke faɗa a kan kansa, da abin da sauran mutanen labarin ke faɗa a bayan idonsa. Ukun nan ba kasafai suke jituwa ba, kuma a wannan saɓanin ne ainihin halin mutumin yake ɓoye.

Daga nan sai tambayoyin da suka samo asali daga koyarwar Konstantin Stanislavski, malamin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Rasha, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa shahararren gidan wasa na Mosko a 1898. Wane ne ni? Ina nake? Daga ina na fito yanzun nan? Me nake so a wurin wanda ke gabana, kuma me ya hana ni samu? Da ni ne a cikin wannan hali, me zan yi? Mafi nauyi a ciki ita ce ta buƙata. Sabon shiga yakan ce, "A nan baƙin ciki zan nuna." Gwani cewa yake, "A nan so nake in hana ta tafiya." Na farkon zai yi ta yamutsa fuska yana matso hawaye. Na biyun zai roƙa, ya lallasa, ya yi barazana, ya sake roƙo, sai baƙin cikin ya zo da kansa lokacin da duk dabarunsa suka ƙare.

Haka kuma gwani ba ya yanke wa mutumin da aka ba shi hukunci. Sufeto Javert na wasan Les Misérables ya shafe shekaru yana farautar mutumin da asalin laifinsa satar burodi ne. A idon 'yan kallo azzalumi ne, amma a ransa shi mai tsare doka ne da ke tsoron duniya ta lalace in aka yi wa mai laifi sassauci. Ɗan wasan da ya fito yana zare ido don a san mugu ne ya ɓata shi. Wanda ya fito da yaƙinin cewa yana kan gaskiya, shi ne ke sa jikin mutane ya yi sanyi.

Labarin Julie Andrews ya isa shaida cewa murya kaɗai ba ta wadatarwa. Tana da shekara 20 ta fito a matsayin Eliza, yarinya mai tallar furanni a titunan Landan, a wasan My Fair Lady na 1956. Tun tana ƙarama take waƙa a gaban jama'a, babu mai shakkar muryarta. Amma a wurin gwaji Eliza ta ƙi fitowa. Sai darakta Moss Hart ya sallami sauran 'yan wasa na kwana biyu, ya zauna da ita su kaɗai, suna bin wasan jimla bayan jimla. Bayan kwana biyun nan ne aka fara ganin Elizar da ta ɗaukaka sunanta a duniya.

Waƙa wurin yanke shawara ce

In ana so a ga yadda waƙa ke aiki a irin wannan wasa, a dubi Carousel na 1945. Billy Bigelow matashi ne mai zafin kai da fankama, ya yi aure, ya rasa aikinsa, aljihunsa babu ko sisi. Ana cikin haka matarsa Julie ta gaya masa tana da ciki. Sai kowa ya fice, aka bar shi shi kaɗai a dandamali da waƙa mai tsawon kusan minti bakwai.

Da farko murna yake yi da alfahari. Ya ɗauka namiji za a haifa masa, yana ta zayyana irin ƙarfin da yaron zai yi da irin ayyukan da zai iya. Can tsakiyar waƙar sai wani tunani ya faɗo masa: in kuma mace ce fa? Nan take kiɗan ya yi laushi, shi ma ya yi laushi. Daga taushin zuciya sai tsoro ya shigo, domin ya tuna ba shi da abin da zai riƙe ɗiya mace da shi. A ƙarshen waƙar ya ƙudurta zai nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa, kuma wannan ƙudurin ne ya kai shi ga shiga fashin da ya zama ajalinsa.

To ka ga aikin da ke gaban ɗan wasa a nan. Ya haddace waƙar, ya rera ta sau ɗaruruwa, amma dole tunanin ɗiya mace ya zo masa kamar yanzu ya fara faɗo masa a rai. In fuskarsa ta nuna damuwa tun daga baitin farko, ya tona ƙarshen labari, minti bakwai ɗin sun tashi a banza. Billyn da ya fara waƙar dabam yake da Billyn da ya ƙare ta, kuma a gaban idon jama'a ake so canjin ya auku.

Shi ya sa malaman sana'ar ke sa ɗalibi ya kwafe kalmomin waƙa a takarda kamar wasiƙa, ya cire kiɗa da kari, ya faɗe su da baki ga abokin gwajinsa kamar zance. Nan take ake gane inda bai san abin da yake faɗa ba. Sukan tambaye shi: wa kake gaya wa wannan, kanka, ko masoyiyarka, ko Ubangiji? Me ya faru daf da ka fara? In amshi ya dawo sau uku, me ya sa ka maimaita? Mutum ba ya maimaita magana sai da dalili. Wataƙila karo na farko bugun ƙirji ne, na biyu ƙoƙarin shawo kan zuciyarsa, na uku kuma roƙo. Kalmomin ba su canza ba, amma gwani zai sa ka ji abu uku.

Mashigar waƙa

Wuri mafi santsi a wasan duka shi ne 'yan daƙiƙun da magana ke komawa waƙa. Masu sana'ar suna da wata magana da suke yawan faɗa wa ɗalibai, cewa mutum yakan yi waƙa ne idan abin da ke ransa ya fi ƙarfin magana, ya yi rawa idan ya fi ƙarfin waƙa. Ma'ana, sai zance ya yi zafi har ya kai inda babu makawa sai waƙa. Makaɗa kan fara a hankali a ƙarƙashin maganar, ɗan wasa yana jin su, yana ɗaga muryarsa kaɗan-kaɗan zuwa inda waƙar za ta tashi, ta yadda sautin farko zai fito tamkar kalma ta gaba a jimlarsa. Sabon shiga kuwa yakan tsaya cak, ya juyo ga jama'a, ya gyara tsayuwa, ya ja dogon numfashi, ya sauya murya. A wannan lokacin mutumin labarin ya ɓace, saura mawaƙi.

Kiɗan kansa jagora ne ga mai kunne. Inda kari ya hau sama, inda ya karye, inda aka bar shiru, duk saƙo ne daga wanda ya tsara shi game da abin da ke gudana a zuciyar mutumin. Wani lokaci baki yana cewa komai lafiya, kiɗa kuma yana rawar ɗari a ƙasa. Aikin ɗan wasa ya nuna duka biyun. Haka ma gurbin da makaɗa ke bugawa su kaɗai tsakanin baiti da baiti. Wanda bai ƙware ba jira yake a zo wurinsa. Gwani a nan yake yin tunanin da zai haifi baiti na gaba.

Muryar da ta dace ta fi murya mai zaƙi

Rex Harrison, wanda ya fito a Farfesa Higgins tare da Julie Andrews a My Fair Lady, ba mawaƙi ba ne. Maimakon ya tilasta wa kansa, sai ya riƙa faɗin waƙoƙinsa kamar magana, yana bin bugun kiɗa daidai, yana taɓa kari nan da can. Hakan ya dace da Higgins, mutum mai ji da kansa da kaifin harshe, har ya zama da wuya a tuna da Higgins ba a ji wannan salon ba.

A 1973 Stephen Sondheim ya rubuta wa Glynis Johns waƙa a wasan A Little Night Music. Muryarta ba ta iya riƙe dogon sauti, don haka ya tsara waƙar da gajerun jimloli, da yawansu tambayoyi. Matar da take fitowa a matsayinta ta bayyana wa tsohon masoyinta abin da ke ranta, shi kuma ya ƙi. Mai irin wannan ciwo da kunya ba dogon numfashi gare ta ba, maganarta a yanke take fita. Abin da ake ganin rauni ne a muryar Johns shi ya zama gaskiyar waƙar, kuma ta ci lambar Tony, babbar lambar yabo ta Broadway, da wannan wasa.

Colm Wilkinson, ɗan ƙasar Ayalan, shi ya fara fitowa a Jean Valjean lokacin da aka buɗe Les Misérables a Landan a 1985. Valjean, wanda Javert ke farauta, ƙaƙƙarfa ne, ya yi shekara 19 a kurkuku, har amalanke yake ɗagawa shi kaɗai. Amma a daren da yake roƙon Allah ya tsare ran saurayin da ɗiyar riƙonsa ke so, da siririyar murya can sama yake waƙar, a hankali, kamar mai tsoron tada masu barci. Ƙarfin wurin yana cikin ganin ƙato ya ƙanƙan da kansa a gaban Mahaliccinsa. Duk wanda ya ɗaga murya a nan don a san yana da maƙogwaro ya sami tafi, amma ya yi asarar addu'ar.

Jiki ma yana magana

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wanda ke zaune a bene can baya ba ya ganin fuska sosai. Kafaɗa yake gani, da tafiya, da yadda mutum ke zama da tashi. Don haka gwani yakan nemi tafiyar mutuminsa tun da wuri: da ƙirji yake fara shiga ɗaki, ko da goshi, ko kuwa raɓe-raɓe yake yi? Yakan nemi a ba shi takalmin da zai sa a wasan ya riƙa gwaji da shi, domin takalmi yana canza tafiya. Kuma wannan tafiyar ba ta ɓacewa idan an fara rawa. Gurgu ba ya warkewa don an buga ganga, mai kunya kuma ko a tsakiyar rawa da kunyarsa yake takawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya manna gemun auduga a tashe, ya dafa sanda ya ranƙwafa, abokansa na yi masa amshi, ya san cewa in ya miƙe tsaye a tsakiyar waƙa tsohon ya tafi.

A The Lion King, wanda aka buɗe a Broadway a 1997, darakta Julie Taymor ta ɗora fuskokin zakuna a saman kawunan 'yan wasa, ta bar fuskokinsu a buɗe. Ɗan wasan da ya fito a uban zaki yana ɗauke da halitta biyu ke nan: wuyansa da kafaɗunsa na zaki ne, idanunsa na uba ne mai fargabar abin da zai sami ɗansa. Cynthia Erivo kuwa, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta fito a Celie a The Color Purple a Broadway daga 2015, a dandamalin da kusan babu komai sai kujerun katako. Ta ɗauki Celie daga yarinya 'yar shekara 14 da ake zalunta har zuwa dattijuwa mai cin gashin kanta, kuma da tsayuwa da kallo ta yi tafiyar shekarun. Mai sunkuyar da kai a farkon wasa ita ce ke kallon duniya ido cikin ido a ƙarshe. Sau da yawa jama'a kan miƙe tsaye suna tafi bayan babbar waƙarta tun wasa bai ƙare ba, kuma ta karɓi lambar Tony a 2016.

Nauyin ya fi yawa idan mutumin da za a fito a matsayinsa ya taɓa rayuwa. A wasan Fela! da Bill T. Jones ya shirya, wanda ya hau Broadway a 2009, Sahr Ngaujah, ɗan asalin Saliyo ta wajen mahaifi, shi ya fito a Fela Anikulapo Kuti. An mai da gidan wasan tamkar Shrine, wurin wasan Fela a Legas, yana zance da 'yan kallo kai tsaye, yana waƙa, yana rawa, da ƙyar yake barin dandamali. Wahalar matsayin ta sa aka raba wasannin mako tsakaninsa da wani ɗan wasa, Kevin Mambo. Kwaikwayon murya da tafiya somin-taɓi ne kawai a irin wannan aiki. Abin da ke riƙe wasan shi ne halin da Fela ke ciki bayan sojoji sun ƙona gidansa na Kalakuta a 1977, harin da ya yi sanadin rasuwar mahaifiyarsa Funmilayo: ya bar ƙasar ne ko ya tsaya? A 2011 aka kawo wasan Legas, gaban mutanen da suka san Fela da idonsu.

Sauraro da juriya

Rabin wasa sauraro ne. Idan abokiyar wasanka tana rera maka waƙa ta minti uku, jama'a suna kallonka kai ma, suna neman ganin inda maganarta ta soke ka. Su ma 'yan amshi da 'yan rawa na baya, kowannensu yakan ƙirƙira wa kansa suna da sana'a da dalilin zuwansa wurin, don kada su zama gumaka masu motsi. Lokacin shirya West Side Story a 1957, darakta Jerome Robbins ya hana 'yan wasan da ke fitowa a ƙungiyoyin 'yan daba biyu masu gaba da juna yin cuɗanya a wurin gwaji, don ƙiyayyar ta zauna a jikinsu kafin su hau dandamali.

A ƙarƙashin wannan duka akwai lissafi. Ɗan wasa yana tsaye a daidai alamar da aka manna masa a ƙasa don fitila ta same shi. Da wutsiyar ido yana kallon hannun jagoran makaɗa. Ƙaramin makirufo yana ɓoye a gashin goshinsa. Ya san wurin da zai saci numfashi bayan rawa mai tsanani. Yana sane da waɗannan duka, amma abin da ɗan kallo ke gani kawai shi ne mutum yana roƙon matarsa ta yafe masa.

Sa'annan gobe ya sake, jibi ya sake, wasu ranakun sau biyu. Yul Brynner ya fito a Sarkin Siyam a The King and I sau 4,625 tsakanin 1951 da 1985. Irin wannan yana buƙatar horon jiki kamar na ɗan tsere: motsa murya kafin wasa, yawan shan ruwa, isasshen barci, da kame baki ranar hutu. Yana kuma buƙatar tuna cewa wanda ya sayi tikitin daren yau bai ga na jiya ba, haƙƙinsa ne a ba shi labarin sabo. A bayan fage kuma akwai masu jiran ko-ta-kwana, waɗanda suka haddace matsayin wasu ba tare da tabbacin za su hau ba. Shirley MacLaine tana cikinsu a The Pajama Game a 1954. Da Carol Haney ta ji ciwo a ƙafa sai aka tura Shirley a madadinta, wani furodusan Hollywood ya gan ta, daga nan hanyar fim ta buɗe mata. Sa'a ta zo, amma ta tarar da ita a shirye.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Hubert Ogunde ya zagaya ƙasar nan da wasanni masu waƙa da rawa tun shekarun 1940, Duro Ladipo ya fito a Sango a Oba Koso, kuma a zamaninmu Bolanle Austen-Peters ta cika zaure a Legas da Saro a 2013, ta kai Wakaa har Landan a 2016. Ƙasar Hausa tana da mawaƙa masu murya, da makaɗa, da marubuta, da sassan koyar da wasan kwaikwayo a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Abin da ya rage shi ne masu haƙurin haɗa waɗannan a jikin mutum ɗaya.

Saboda haka, ɗalibin wasan kwaikwayo da kai matashi mai murya, in aka miƙa maka waƙa a cikin wasa, kada ka fara da tambayar yadda za ka burge. Zauna da takardar, ka san wanda ke magana, da wanda yake gaya wa, da abin da yake nema, da yadda zai fita daga waƙar ba kamar yadda ya shige ta ba. Masu shirya wasanni kuma su ba matasan nan dandamali da makaɗa da isasshen lokacin gwaji. Sana'a ce mai wuya, mai daraja, kuma duk wanda ya ba ta haƙƙinta na koyo zai iya ta.